Rumfar Gada: Tsiron da Ya Rabu da Saiwarsa

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin wasu siraran zaruruwa masu ruwan ɗorawa, kamar taliya, sun lulluɓe shinge ko bishiyar lemo. In muka bi zaren don mu ga gindinsa a ƙasa, ba za mu samu ba. Wannan ita ce rumfar gada, wadda masana ke kira Cassytha filiformis.

An koya mana a aji cewa tsiro yana jan ruwa da saiwa, ya haɗa abincinsa a ganye. Ita kuwa rumfar gada ci-ma-zaune ce. Ga yadda take yi:

1. Irinta yana tsirowa a ƙasa, da 'yar saiwa kamar kowane tsiro.
2. Zaren yana tasowa yana jujjuya kai har ya taɓa wani tsiro, sai ya nannaɗe shi.
3. A wuraren da ya manne, yana fitar da wasu 'yan bakuna masu huda ɓawo, su kama kamar kaska, su riƙa tsotsar ruwa da abinci.
4. Da zarar ta kafu, sai gindinta ya bushe, ta yi sallama da ƙasa.

Ganyenta 'yan mitsi-mitsi ne, da ƙyar ake ganinsu. Tana fure fari ƙanana, tsuntsaye kuma su ci 'ya'yanta su baza irin.

Akwai wata mai kama da ita sak, Cuscuta. Sai dai ba dangi ba ne: rumfar gada dangin piya ce, Cuscuta kuwa dangin dankali. A 2006, masu bincike a Jami'ar Jihar Fensilbaniya ta Amurka sun nuna cewa ƙaramin tsiron Cuscuta yana bin ƙanshin tumatir har ya kai gare shi.

Kada mu haɗa su da kauci, wanda ke da ganye sosai, ko wuta-wuta, wadda ke kama saiwar dawa da gero ta ƙarƙashin ƙasa.

Bishiyar da rumfar gada ta rufe takan rame, 'ya'yanta su ragu. Don haka in mun gan ta a lambun makaranta, mu sare reshen da ta kama kafin ta yi iri, mu ƙone. Kada mu yar da guntunta a kan shinge, domin yana iya sake kamawa.

Tambayar mako: me zai faru da rumfar gada idan tsiron da take tsotsa ya mutu? A kawo amsa ga Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin Juma'a.