Irin Fasili: Amfaninsa da Haɗarinsa

Ya ku jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. A 'yan shekarun nan kantunan maganin gargajiya da na maganin Musulunci sun yawaita a unguwanninmu, tun daga titin Zariya har Darmanawa da Unguwa Uku. Ban da habbatus sauda da hulba da yansun da muka saba da su, akan sami irin wani ganye da masu girki ke kira fasili, masu kantin magani kuma su ce baƙadunis. Wani a gari yake zuwa, wani a kafso, wani kuma an tatse mansa an ɗura a 'yar kwalba. Manufar wannan takarda ita ce kowa ya san abin da yake saye kafin ya kai shi baki.

Mene ne fasili?

Fasili tsiro ne da asalinsa ya fito daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Danginsu ɗaya da karas da yansun da shammar. Ganyensa abinci ne mai kyau, ana yanka shi a kwaɗon latas, ana barbaɗa shi a farfesun kifi. Yana ɗauke da bitamin C da bitamin K masu yawa. Mai lafiya ya ci daidai abin da ake sawa a girki, babu laifi.

Amma irinsa daban yake. A cikin waɗannan 'yan ƙananan ƙwayoyi akwai wani mai mai ƙamshi wanda yawansa ya ninka na cikin ganyen sau da dama. Man yana da sinadarai biyu masu ƙarfi: afiyol, da miristisin, wanda ake samu a gyaɗar ƙamshi. Daga waɗannan biyun amfanin irin ya fito, daga su kuma cutarwarsa take fitowa. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Abin da mutanen da suka sani

Tun a ƙarni na farko na Miladiyya, wani likita Bagirke mai suna Diyoskoridis ya rubuta cewa fasili yana sa fitsari, yana saukar da jinin al'ada, yana kuma kwantar da kumburin ciki. An fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara, likitocin Musulmi suka yi ta amfani da shi. Waɗannan fa'idodi uku su ne har yau mai kanti zai lissafa maka.

A shekarar 1715 wani mai harhaɗa magunguna a birnin Laifzig na Jamus ya ware afiyol daga man fasili. A 1855 likitoci biyu a Faransa, Joret da Homolle, suka ba da rahoton cewa yana dawo wa mata da jinin al'ada idan ya ɗauke. Daga nan aka shiga sayar da shi a kantunan Turai.

Inda aka sami matsala

Abin da yake motsa mahaifa har jini ya sauka, shi ne kuma yake iya girgiza cikin da ya shiga. Mata da yawa a Turai sun sha afiyol fiye da kima, wasu suka yi ɓari da zubar jini mai tsanani, wasu hanta da ƙoda suka lalace, wasu suka rasa rayukansu. A farkon shekarun 1930, a Holan da Jamus, an gauraya shi da wani sinadarin masana'anta mai guba, mata da dama suka sami shanyewar hannuwa da ƙafafu. Darasi biyu ke nan: ƙarfin maganin kansa, da algus ɗin 'yan kasuwa.

Saboda haka lokacin da kwamitin masana da gwamnatin Jamus ta kafa a 1978 domin tantance magungunan itatuwa ya duba fasili, sai ya raba hukuncinsa biyu. Ya amince da ganye da saiwa wajen wanke mafitsara da tsakuwar ƙoda ƙanana, amma ya ƙi amincewa da irin, domin haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. A 2002 masu bincike a Jami'ar Amurka da ke Beirut sun nuna cewa jiƙon irin yana ƙara yawan fitsari, amma a kan ɓeraye aka yi gwajin, ba a kan mutane ba. Yawan fitsari kuwa ba shi ne warkewar ƙoda ba.

Waɗanda ya wajaba su guje shi

Na farko, mai juna biyu, da wadda take tsammanin ta samu. Uwargida, idan al'ada ta yi jinkiri, kada ki fara da jiƙo. Fara da gwajin ciki, kuɗinsa kaɗan ne a kowane kemis. Sau da yawa abin da ake zaton jini ne ya ɗauke, ƙaramin ciki ne.

Na biyu, mai shayarwa da ƙananan yara. Man irin fasili ba na jikinsu ba ne.

Na uku, mai ciwon ƙoda. Wanda ƙafafunsa ko fuskarsa suka kumbura yakan ji an ce ya sha abin da zai sa shi fitsari. Amma kumburi alama ce, tana iya fitowa daga ƙoda ko zuciya ko hanta, kuma ƙodar da ta gaji ba a ƙara mata kaya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kusa da mu a titin Zariya, yana da sashen wankin ƙoda, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Gwajin jini da na fitsari sun fi wankin ƙoda sauƙi nesa ba kusa ba.

Na huɗu, mai shan maganin asibiti kullum. Mai hawan jini da ke shan ƙwayar sa fitsari, idan ya haɗa da jiƙon irin, ruwan jikinsa na iya raguwa fiye da kima. Mai shan wafarin, wato maganin tsinka jini, ko ganyen ma kada ya yawaita, domin bitamin K yana rage aikin maganin.

Game da lambar hukuma

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya lambar da ke ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba an ga bai nuna cutarwa ba a gwajin da aka yi. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk cututtukan da aka jera a jikin kwalin. Maganin da ba shi da lamba, ba sunan mai haɗawa, ba ranar lalacewa, a bar wa mai shi kayansa.

Kira

Masu kantuna, ku ji tsoron Allah, ku tambayi mace ko tana da ciki kafin ku miƙa mata wannan iri. Magidanta, ku san abin da iyalanku ke jiƙawa. Malamai da masu unguwanni, ku isar da saƙon a masallatai da makarantun Islamiyya. Ku kuma masu zuwa asibiti ko awon ciki, ku faɗa wa likita duk wani jiƙo da kuke sha, kada ku ɓoye, matambayi ba ya ɓata. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.