Dandaji: Masallaci da Laburare a Fili Ɗaya

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama a aji mai bulon siminti da rufin kwano a watan Afirilu ya san yadda ake ƙosawa a kaɗa ƙararrawa. Gini yana iya korar mutane, yana kuma iya zaunar da su. Darasinmu na wannan makon ya kai mu Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar.

Tsohon masallacin Juma'a na garin ginin ƙasa ne, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Da masallacin Dandaji ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, sai aka fara batun rushe shi. Masu zanen gini biyu mata, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama laburare, a gina sabo kusa da shi. An kammala aikin a 2018, aka sa masa suna Hikma.

Sabon masallacin yana ɗaukar mutum wajen 1,000, kuma da jar ƙasar yankin aka gina shi. Sai dai ba tubalin da muka saba gani ba ne. Ana tankaɗe ƙasar, a ɗan jiƙa ta, a danne ta da inji har ta fito bulo mai ƙarfi, ba tare da an gasa ba. Kankare bai shiga ba sai inda nauyi ya tilasta, kamar ginshiƙai.

Me ya sa ƙasa? Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Idan aka haɗa da rufi mai tsawo da kafofin iska, ciki zai yi sanyi ko babu na'ura. Kakanninmu sun san wannan tun tuni. Mu ne muka ɗauki siminti alamar arziki.

Wajen gyaran tsohon ginin kuwa, maginan gargajiya da suka san sirrinsa aka gayyato. Su suka nuna yadda ake yaɓe da gyaran baka, su ma suka koyi aikin sabon bulo.

A ganina, abin da ya fi burgewa shi ne filin da ke tsakanin gine-ginen biyu, inda aka dasa itatuwa. Ɗalibi na iya tashi daga kan littafi ya tsallaka ya yi salla, wanda ya idar kuma ya leƙa laburare. Mata ma sun sami ɗakunan koyon karatu da taro.

Aikin gida: ku taɓa bangon ƙasa da na siminti ta ciki da ƙarfe 2 na rana, ku rubuto wa ƙungiyarmu abin da kuka ji.