Wasiƙar Nasiha ga Matasan da Neman Abinci Ya Kai Su Faraku da Zugu

Wannan wasiƙa tana fuskantar samarin Kano, Sakkwato, Maraɗi da Kwanni waɗanda aiki ko fatauci ya kai su arewacin Jamhuriyar Benin, musamman Faraku, babban birnin jihar Borgu, da Zugu, babban birnin jihar Donga, waɗanda ake rubuta su Parakou da Djougou a takardun hukuma. Abin da take son matashi ya riƙe shi ne cewa baƙo yana zama lafiya gwargwadon yadda aka san shi, kuma a wannan zamani sani iri biyu ne, na mutane da na hukuma, ɗaya ba ya wadatar da shi daga ɗayan.

Bahaushe ba sabon shiga ba ne a waɗannan garuruwa, domin tun kafin zuwan Faransawa ayarin fataken Gwanja, wato masu ɗauko goro daga Salaga zuwa ƙasar Hausa, yakan ratsa Nikki da Faraku ya yada zango a Zugu, inda 'yan kasuwa Musulmi suke da unguwarsu ta Wangara daura da Kilir, mazaunin sarautar garin. A tsarin waɗancan fatake babu wanda yake sauka ba shi da fatoma, wato mai masaukin da yake ajiye baƙo da kayansa, ya haɗa shi da masu saye, ya yi masa tafinta, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Hikimar wannan tsari ba ta tsufa ba. Matashin da ya sauka a tasha ya kamata ya nemi dattijon zango ko limamin unguwa kafin ya nemi ɗaki, ya faɗi garinsu da gidansu da sana'arsa, domin ranar da ciwo ya kwantar da shi ko aka riƙe masa kuɗin aiki, wanda ya karɓi gaisuwarsa tun farko shi ne zai taka ya je.

Sai dai fatoma ba ya maye gurbin takarda. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba na kwana 90, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar wannan dama tamkar izinin zama na har abada. Wanda ya yi niyyar daɗewa ya wajaba ya mallaki katin ofishin jakadancin ƙasarsa, ya nemi takardar zama, ya kuma gabatar da kansa ga mai unguwa, wanda sa hannunsa yake tabbatar da mazaunin mutum. Al'amarin ya ƙara nauyi ga 'yan Nijar, tun da iyakar Gaya da Malanbil ta shiga rufi bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ga kuma hare-haren 'yan bindiga a jihohin Alibori da Atakora, waɗanda suka sa jami'an tsaro tsananta bincike a kan hanyoyin arewa. Abin takaici ne cewa saurayi mai gaskiya yakan kwana a tsare saboda kawai babu wata shaida a aljihunsa, alhali kuɗin mallakarta bai kai abin da za a kashe wajen fito da shi ba.

Harshe ne abu na gaba, kuma a nan ne zango yake iya zama tarko. Mutum yana iya shekara goma a unguwar Zongo ta Faraku yana ci yana sha da Hausa zalla, amma cinikin kasuwar Arzeke da na kasuwar Zugu da Dendi ya fi gudana, wato harshen da yake ɗan'uwan Zabarmanci ne, wanda Bargawa da Yom da Lokpa da Fulani suke haɗuwa a kansa, yayin da asibiti da ofishin 'yan sanda da takardar haya duk da Faransanci suke. Wanda ya iya gaisuwa da ƙidaya da Dendi ya daina biyan kuɗin baƙunta, wanda kuma ya iya karanta Faransanci ko da kaɗan ne ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Lissafin kuɗi ma yana buƙatar natsuwa. A bakin Hausawan ƙasashen sefa, dala tana nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000, saboda haka idan mai tuwo ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, kuma Bakanon da bai san haka ba yakan rikice a makonsa na farko. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, shi ya sa ba ta tangal-tangal kamar naira, kuma shi ya sa albashi kaɗan yake zama da yawa idan an canza shi zuwa naira a zuci. Wannan canjin zuci yana ruɗar samari, domin haya da wuta da ruwa da kuɗin zemijan, wato ɗan acaɓa, duk da sefa ake biyansu, sannan mai gida yakan nemi kuɗin ajiya na watanni kafin ya miƙa mabuɗi. Daidai ne matashi ya karɓi rasit a kan kowane biya, ya rubuta adadin da mitar wuta take nunawa ranar da ya shiga, ya kuma yanke abin da zai riƙa aikawa gida bayan ya ga ƙarshen wata biyu, kada ya yi wa iyaye alkawarin da zai jefa shi cikin bashi.

Akwai sana'o'in da kuɗinsu yake zuwa da sauri, kamar dakon fetur ɗin sumoga da ake kira kpayo, ko tsallakar da kashu da waken soya ta ɓarauniyar hanya, abin da hukumomin ƙasar suka tsananta hanawa a 'yan shekarun nan. Ɗan ƙasa idan aka kama shi yana da dangi a kusa, baƙo kuwa laifinsa yakan shafi duk mai jin harshensa, har a ƙi ba na bayansa haya. Faraku tana da halal mai yawa, kasancewarta ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kwatano tun 1936 kuma mahaɗar manyan motoci, ga jami'ar da aka kafa a 2001 da ɗalibanta masu buƙatar tela da mai gyaran waya da mai tsire.

Game da zaman tare, Faraku gari ne da masallaci da coci da masu addinin gargajiya suke maƙwabtaka, kuma ba a son baƙon da ya zo da gardamar aƙida daga gida. Idan maƙwabci ya aiko da sakwara ko wagashi, wato cukun Fulani, a karɓa a mayar da kwano da wani abu a ciki, idan kuma aka yi rasuwa a layin, a je a zauna ko da ba a jin abin da ake faɗa.