Ku Tafi Gidan Makama da Kaka

Idan za ku kai yara Gidan Makama a Kano, don Allah kada ku bar kakarsu a gida. Tarihin ginin, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya hau mulki a 1463, ma'aikatan gidan za su ba ku. Amma in yaro ya ga akushi ko mazari, wadda ta ci tuwo a ciki, ta kaɗa zare da hannunta, ita za ta fahimtar da shi.

Ku je da hantsi, kafin rana ta take. In ta gaji, a samo mata wurin zama, kuma kada a katse ta. Babban jika ya naɗi muryarta a waya, ƙananan su yi ta tambaya.