Darasi: Sayen Motar Hannu Ba Tare da An Cuce Mu Ba

A ƙauyukanmu da yawa, samun mota babban taimako ne. Da ita muke kai masara da doya kasuwa, da ita kuma muke garzayawa asibiti da mace mai naƙuda cikin dare. Saboda haka ikilisiya, ko zumuntar mata, ko ƙungiyar manoma sukan yi shekaru suna tara kuɗi domin su sayi tasu. Sabuwa ta fi ƙarfinmu, sai dai ta hannu. Idan muka faɗa hannun dillali marar gaskiya, gumin mutane da yawa yakan ƙare a garejin bakanike, wani lokaci ma har a rasa rai a hanya. Wannan darasi domin mu yi nazarinsa tare ne kafin mu fitar da ko sisi.

Daga ina motocin suke zuwa?

Motocin hannu iri biyu ne: waɗanda aka yi aiki da su a nan gida, da waɗanda aka shigo da su daga waje, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Akwai masu kyau a cikinsu. Akwai kuma waɗanda suka yi mummunan haɗari, ko ambaliya ta shanye su, kamar dubban motocin da ruwa ya ci a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005 da ta Habi a 2017. Irin waɗannan ana sayar da su da araha a gwanjo, a gyara su sama-sama, a kawo mana suna ƙyalli.

Dabarun dillali marar gaskiya

Ba kowane dillali ne macuci ba, amma ya kamata mu san hanyoyin macutan:

• Yakan tayar da motar ta yi zafi kafin mu iso, domin injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa.
• Yakan zuba baƙin mai mai kauri domin ya danne ƙarar injin.
• Yakan mayar da agogon tafiya baya, motar da ta ci hanya ta zama kamar ba ta je ko'ina ba.
• Yakan cike inda ya lotse ko ya yi tsatsa, a fesa fenti a kai.
• Yakan cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta nuna matsala.
• Yakan matsa mana da cewa wani yana hanya da kuɗi a hannu. Mu tuna, sauri ya haifi nawa.

Yadda za mu duba mota

Ba a cinikin biri a sama. Mu je da rana, mu je mu biyu ko uku, kuma mu ɗauki bakanikenmu da muka amince da shi, mu biya shi ladansa da kanmu. Bakaniken da dillali ya kawo, a gun dillali yake cin abinci.

1. Injin. Mu taɓa shi mu ji ko da sanyi, sa'an nan a tayar da shi a gabanmu. Mu dubi hayaƙin salansa. Shuɗi yana nuna injin yana shan baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa yana nuna ruwa yana shiga injin. Baƙi yana nuna yana cin mai fiye da kima. Mu buɗe murfin baƙin mai: idan muka ga wani abu kamar kindirmo, ruwa ya gauraya da mai ke nan, kuma gyaran yana da tsada. Kada a buɗe lagireto idan injin yana da zafi.

2. Fitilun gaban direba. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, dukan fitilun gargaɗi za su kama, su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mu tambayi dalili.

3. Jikin mota. Mu naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle mu bi jikin da shi. Inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cike da yawa ba zai kama ba. Mu duba ko launin fentin ɗaya ne, ko ƙofofi suna rufuwa daidai. Mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashi, ko akwai sabuwar walda ko ɗigon mai.

4. Alamun ruwa. Mu ɗaga shimfiɗar ƙasa da wurin ajiye safaya. Busasshen laka, warin ruma, da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera alamu ne na ambaliya. Wayoyin irin wannan mota sukan ruɓe a hankali, yau wannan ya lalace, gobe wancan.

5. Agogon tafiya. Mu gwada abin da ya nuna da abin da ido ya gani. Idan ya ce tafiyar kaɗan ce amma robar birki da kuloci ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotse, to akwai magana.

6. Taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na lokacin da aka yi ta. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya takan fashe a zafin bazara ko da zanenta bai suɗe ba. Idan kuma gefe ɗaya kawai ya cinye, ƙafar motar ba daidai take ba.

7. Sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka sitiyarin motocinmu yana hagu. Wasu sukan shigo da mai sitiyari a dama su juya shi. Idan aikin bai yi kyau ba, yana iya sakin direba a kan gudu. Bakanike zai gane wannan.

8. Gwaji. A tuƙa ta aƙalla rabin sa'a, a kan kwalta da kuma hanya mai gargada irin tamu, a hau tudu, a shiga kowace giya, a taka birki da ƙarfi. Dillalin da ya hana gwaji ya riga ya ba mu amsa.

Takardu

Mota mai lafiya marar takardu ita ma asara ce. Yawancin motocin zamani suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. Dole ta yi daidai da wadda ke cikin takardu, harafi da harafi. Idan akwai alamar an kankare ko an sake bugawa, mu tashi mu tafi, domin wataƙila ta sata ce, kuma wanda aka kama da kayan sata shi zai amsa tambaya. Mu nemi takardar biyan kuɗin kwastan, mu je ofishinsu a tabbatar mana ta gaske ce, domin sukan kama motar da ba a biya mata ba ko da ta canja hannu. Mu nemi takardar mallaka, da lasin mota, da inshora.

Kada mu ba da kafin alƙalami kafin mu gama dubawa. A rubuta yarjejeniya da sunan mai sayarwa, da lambar shasi, da farashi, da abin da ya faɗa game da lafiyar motar, shaidu su sa hannu. Idan kuɗin ƙungiya ne, a yi takardun da sunan ƙungiya. Mu kuma rage wani abu a asusu domin gyaran farko. Idan an riga an cuce mu, mu koma da shaidu da takardunmu wurin shugaban dillalan wannan kasuwa. In abin ya faskara, sai 'yan sanda ko kotu.

Mu ma masu sayarwa ne

Yana da sauƙi mu zargi dillali. Amma mu ma mukan kai akuya marar lafiya kasuwa mu yi shiru, ko mu sa manyan doya a sama ƙanana a ƙasa. Ranar da za mu sayar da tsohon babur ɗinmu, za mu faɗi aibinsa?

Tambayoyi domin tattaunawa

Mu karanta Karin Magana 11:1 da 20:14, da Littafin Firistoci 19:35-36.

• Me waɗannan ayoyi suke koya wa mai sayarwa? Me kuma suke koya wa mai saye?
• Ɓoye aibin kaya da faɗin ƙarya a fili, akwai bambanci a tsakaninsu?
• Su wa za mu aika idan ƙungiyarmu za ta sayi mota, kuma ta yaya za su ba da lissafi?
• Bayan kuɗin saye, daga ina za mu sami na mai, da gyara, da albashin direba?