Juyayyen Aji: Nazari a Kan Wata Dabara ta Koyar da Turanci a Makarantun Sakandare

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ɗalibin da bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko ta NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, komai ƙoƙarinsa a sauran darussa. Abin takaici kuwa shi ne, ɗalibi yakan shekara shida a sakandare yana sauraron Turanci, amma ya fito bai iya haɗa jimla uku a jere ba. Wannan maƙala za ta dubi wata dabara da ake kira juyayyen aji, ta bayyana asalinta da yadda ake aiki da ita, sannan ta auna dacewarta ga ɗaliban da Hausa ce harshensu na farko.

Ma'ana da Asali

A tsarin da aka saba, malami yana yin bayani a aji, ɗalibi ya tafi gida da aikin gwaji. Juyayyen aji kuwa kishiyar wannan ne, wato ɗalibi ya karɓi bayanin a gida ta hanyar bidiyo ko murya ko takarda, sa'an nan ya zo aji ya yi gwajin a gaban malaminsa.

A shekarar 2000 wasu malaman tattalin arziki na Jami'ar Miyami da ke jihar Ohayo ta Amurka, wato Lage da Platt da Treglia, suka buga rahoton gwajin da suka yi na wannan tsari. Amma waɗanda suka yayata shi a sakandare su ne Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kimiyyar sinadarai a garin Woodland Park na jihar Kolorado. A 2007 suka fara ɗaukar darussansu a bidiyo saboda ɗaliban da wasanni kan hana su halartar aji, a 2012 kuma suka fitar da littafi a kai. Hujjarsu ita ce, ɗalibi ya fi bukatar malami a lokacin da ya cije a aiki, ba a lokacin sauraro ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗalibin makarantar zaure yakan yi muɗala'a, ma'ana ya bi karatunsa tun a gida kafin ya zauna gaban malam, domin zaman ya zama na warware wuraren da suka shige masa duhu.

Dalilin Dacewarsa da Darasin Turanci

Harshe abu ne da ake koya da baki. Idan aka ɗauki aji mai ɗalibai 60 da darasi mai minti 40, ko da malam bai ce uffan ba, abin da kowa zai samu na magana bai kai minti ɗaya ba. To, ina ga an cinye rabin lokacin wajen rubuta ƙa'idojin nahawu a allo? Fitar da bayani daga aji shi ne zai sa a sami sararin raba ɗalibai rukuni-rukuni, su yi magana a lokaci guda.

Misalin Darasi

Alal misali, a ɗauki darasin shuɗaɗɗen lokaci. A Hausa, nauyin nuna lokaci ya fi rataya ne a kan 'yar kalmar da ke gaban aikatau: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Aikatau bai sauya ba. A Turanci kuwa aikatau ne kan sauya, walk ya koma walked, go ya koma went. Wannan bambanci na daga cikin abin da ke sa Bahaushe ya ce yesterday I go.

Malam zai ɗauki wannan bayani a murya ta kimanin minti 8, ya kwatanta harsunan biyu, ya haɗa da tambayoyi uku. Ɗalibi ya saurara a gida, ya maimaita iya son ransa ba tare da jin kunyar kowa ba. A aji, minti 5 na farko na duba amsoshi ne, don a gane wanda ya shirya. Daga nan kowane ɗalibi ya ba abokinsa labarin abin da ya yi jiya, abokin ya rubuta, malam yana zagayawa yana gyara.

Haka abin yake ga furuci. Hausa ba ta bambanta p da f, kuma ba ta da v, don haka pan da fan, ko very da berry, sukan zama abu ɗaya a bakin ɗalibi. Muryar da zai ji sau goma ta fi bayanin da zai ji sau ɗaya.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce rashin daidaito. Ba kowane gida ke da babbar waya ko wutar lantarki ko kuɗin data ba, kuma makarantun kwana da yawa sun hana riƙe waya. Bugu da ƙari, yammacin ɗalibai da dama na Islamiyya ne ko aikin gida ko talla. Idan ba a yi hattara ba, dabarar za ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, ta bar ɗan talaka a baya.

Sai dai ruhin dabarar ba ya cikin na'ura. Takarda guda mai bayani da misalai ta wadatar. Ana iya tura murya daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, ko a kunna ta lokacin karatun dare a makarantun kwana. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, jihohi irin su Kano da Kaduna sun watsa darussa ta rediyo, abin da ya nuna cewa bayani na iya isa gida ta hanya mai sauƙi.

Kammalawa

A taƙaice, juyayyen aji ba ya rage wa malami aiki, sauya masa aikin yake yi, daga mai zuba bayani zuwa mai gyaran baki da alƙalami. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da darasi ɗaya a mako, a tabbatar kowane ɗalibi ya sami bayanin kafin ranar, sannan a faɗaɗa gwargwadon abin da aka gani. Amfanin ilmi aiki da shi, amfanin harshe kuwa magana da shi.