Darasi: Kada a Cire Ɗan Koyo Kafin a Yaye Shi

Mutumin Gure ba ya bukatar a gaya masa mene ne sana'a. Ya san mai haƙar kanwa a kwari, ya san mai hawan dabino, ya san maƙeri da baduku da mai gyaran babur a bakin tasha. Ya kuma san gero ba ya shiga rumbu sai ya ƙosa, tumu kuwa daɗin baki ne na yini guda. Abin da ke ɓata wa malaman yaƙi da jahilci rai shi ne, mutumin da ya san wannan a gona, shi ne zai je garaji ya janye ɗansa wata bakwai da fara koyo.

Ga yadda abin kan faru. An idar da sallar isha'i, an ajiye tuwo a tsakar gida, maigida ya wanke hannu ya dubi ɗansa.

"Gobe ba za ka koma garajin nan ba. Wata bakwai kana wankin ƙarafa, ko kuɗin sabulu ba ka kawo ba. Yaron maƙwabcinmu wata biyu ya yi a Damagaram yana tura baro, ya aiko wa uwarsa jika goma."

"Baba, maigidana ya ce bayan Salla zai fara nuna mini kwance inji."

Uwargida ta ajiye ludayi. "Haba Malam! Haka ka yi wa wansa. Ka ɗauke shi daga wurin tela saura kaɗan ya iya yanka. Yau shekara nawa yana dako a Kasuwar Dole? Ko wandonsa ya yage sai ya biya a ɗinke masa."

"Ke dai ba ki san tsadar hatsi ba."

"Ni da ke auna tiya kullum, ni ce ban sani ba?"

Sai tsohuwa ta yi gyaran murya daga ɗaki. "Ku bar mini jikana ya gama. In kuɗin cefane ne, ga akuyata can, a kai ta kasuwa."

Maigida ya yi shiru, ya ja kwano gabansa. Tsohuwa ce da gaskiya. Kada a cire yaro kafin a yaye shi.

Ba wanda ya hana zuwa birni. Damagaram na yamma da Gure, tafiyar fiye da kilomita 150 a kan babban titin da ya taso daga Difa, kuma aiki yana buɗewa a can. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Tanut, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem. A 2018, lokacin da birnin ya karɓi bikin 18 ga Disamba da sunan Zinder Sabuwa, an shimfiɗa tituna, an ta da gine-gine. Irin wannan aiki yana neman mai walda, mai haɗa wutar lantarki, mai aikin famfo, magini da direban babbar mota. Yana neman lebura ma, amma lebura ranar da aka zuba kankaren ƙarshe ake sallamarsa, ya dawo gida da ciwon baya. Mai walda kuwa sai ya ɗauki injinsa ya koma unguwa yana yi wa mutane ƙofa da taga. Yaron da aka cire a tsakiyar koyo, layin leburori yake shiga. Rabin sana'a ba ta da farashi a birni, domin babu mai ba da motarsa ga wanda ya iya kwancewa bai iya ɗaurawa ba.

Wurin koyo ba abin wahala ba ne. Akwai shagon maigida na cikin gari, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM inda ake koyar da ɗinki, kafinta, walda, lantarki da kanikanci, akwai kuma asusun FAFPA da ke tallafa wa horon ƴan koyo. A tambaya a ma'aikatar magajin gari, a tafi da takardar haihuwa, a ƙarshe a karɓi takardar shaidar gamawa a adana ta. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne haƙurin iyaye.

Damina ita ce babbar ƙofar ɓarna. Ruwa na sauka a ce yaro ya zo noma, kuma babu laifi, gona ta gida ce. To amma a je a sallami maigidansa da baki, a faɗi ranar dawowa, a kuma cika. Yara da yawa sun tafi noman fari ba su sake taka shago ba, an gama girbi an tura su ci-rani hannu biyu babu komai. Haka ƴan mata: yarinya ta fara riƙe keken ɗinki, sai a ce ta koma talla, ko a sa ranar aure ba tare da an yi magana da dangin miji a kan ta ƙarasa ba. Kada a cire ta kafin a yaye ta.

Akwai kuma maƙwabtan da ke zama a zaure suna zuga, "Har yanzu ɗanka bai fara kawowa ba?" Su ne dai waɗanda babur ɗinsu in ya lalace za su tura shi har bakin tasha, su biya ɗan wani da aka bari ya gama koyo. Bai kamata magidanci ya yanke wa ɗansa hanyar abinci saboda maganarsu ba.

Duk mai karatu a wannan aji da ke da yaro ko yarinya a wurin koyo, ya je cikin makon nan ya gai da maigidan, ya tambayi wata nawa suka rage, ya rubuta ranar da hannunsa a bangon wannan littafi. Kafin ranar nan ta zo, kada a cire shi.